Harafi Mai Kama da Tsani

Yayana Stamat mutum ne mai taurin kai, kuma ban faɗa don ɓatanci ba, ciki ɗaya muka fito. Duk rayuwarsa daga teku yake ci, bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Sai da likitan ido na birnin Burgas ya gaya masa hasken da ya rage masa ba zai wuce hunturun bana ba, sannan ya tashi wai zai koyi nutso da tukunyar iska a baya. Na ce masa, "Yaya, masu hankali in ido zai tafi jikokinsu suke zuwa kallo a Sofiya."

Ya ce, "Jikoki suna da baki, Ginka, ko ba na gani za su cika mini kunne. Dafina ce ba ta da baki."

Dafina biyu ce a gidansa. Akwai matarsa, wadda Allah ya ba ta baki har da na kyauta. Akwai kuma jirginsa na kamun kifi, na ƙarfe, wanda ya raɗa wa sunanta tun suna amarci, ya walda haruffan sunan da hannunsa a goshin jirgin. Guguwa ta buga shi da dutsen da mu mutanen Sozopol muke kira Haƙori shekaru da yawa da suka wuce. Stamat ya fita da ransa, jirgin ya sauka ƙasa. Yasen mai koyar da nutso, wani mai sanƙo da ke yawo da baƙi 'yan hutu, shi ya jawo mana wannan rigimar, domin shi ya ce ya ga jirgin zaune daram a kan yashi kamar an ajiye shi, sunan ma ana karantawa. Tun ranar Yaya bai ƙara maganar komai ba. So yake ya ga jirginsa sau ɗaya kafin duhu ya rufe.

Ba a nutso mutum ɗaya, don haka Dafina ta ce da ita za a koya. Ta ce ta riga ta yi rabon miji da wannan jirgi tun yana sama, ba za ta bar su su kaɗai a ƙasa ba.

Ruwan bai ba su wuya ba. Abin da ya sha musu kai wani katin roba ne da bai fi tafin hannu biyu ba, cike da lambobi da haruffa, wanda Yasen ke kira jadawalin nutso. A tsakar gida ya koya musu, ƙarƙashin ɓaure, ni ina gefe ina gyaran kifi. Ya tsoma burodi a cikin miya, ya ɗaga.

Ya ce, "Haka jikin mutum yake a ƙasan ruwa. Yana shan iska kamar yadda burodin nan ke shan miya. In ka yi zurfi ya sha da yawa, in ka daɗe ya ƙara. Idan kun fito, ku nemi zurfinku a katin, ku nemi daɗewarku, inda suka haɗu akwai harafi. In harafin yana can gaba a jerin haruffa, jiki ya ƙoshi. Sai ku zauna a jirgi ku jira ya tsane, harafin ya dawo baya, sannan ku sake shiga. Wanda ya yi gaggawa, iskar nan za ta tafasa a jininsa."

"To in mutum yana sauri fa?" in ji Stamat.

"Kawu, katin nan bai san sauri ba."

Idon Yaya daga gefe yake mutuwa. Magariba ta riga ta zame masa dare, inuwar ɓauren ma sai ya lalubo kujera. A tsakiyar rana kuwa yana ganin abu guda tsaf, in ya sa shi a gaba. Amma lambobin katin tururuwa ne a wurinsa, ba sa tsayawa. Sai suka raba aiki. Ita za ta bi layi da yatsa ta nemo harafi, shi kuma ya haddace jiran da kowane harafi ke bukata. Yasen yana karanta masa, shi yana maimaitawa, har abin ya zama waƙa. Duk bazarar nan, in ka bi ta layinmu da hantsi, za ka ji tsoho yana ɗinkin raga yana rera haruffa da mintoci cikin wata murya mai sanyi, kamar mai lallashin jariri.

Yakan ce mata, "Ke ki ba ni harafi, tsohuwa, ni in ba ki lokaci."

Matsalar ita ce haruffan katin ba na rubutunmu ba ne, amma wasu sun yi kama da namu kamar 'yan gida ɗaya. Akwai guda mai siffar tsani mai mataki ɗaya. Masu katin, H suke ce masa. Mu kuwa tun muna aji ɗaya N muka san shi.

"Goggo Dafina, H ne," Yasen zai ce, yana shafa sanƙo.

"A makarantar da na yi N ne. Shi ne ma a cikin sunana. Tambayi wannan, shi ya walda shi."

"A katin nan dai H ne. N yana can gaba, jiransa ya fi tsawo."

"To su je su gyara katinsu."

Amma ta koya. Ba mai bari a ka da ita ba ce. Nakan tarar da ita da katin a jingine da tulun mai, tana murza ƙullu tana gyara bakinta. Ƙarshen bazara Yasen ya ba su shaidar gama koyo, ya kwatanta mana inda za mu jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ya kwashi baƙinsa na ƙarshe ya yi kudu.

Muka fita wata safiya a ƙarshen Satumba, a kwale-kwalena, ni ke tuƙi. Rediyo ya ce iskar arewa za ta taso bayan azahar, kuma kowa ya san in ta fara a wannan lokaci sai ta yi makonni ba ta sauka ba. Amma da safen nan teku ta kwanta luf kamar an zuba mata mai. Gari yana baya yana ƙanƙancewa, jajayen rufin gidaje suna rawa a cikin hasken. Ko injina, mai tarin tsiya, ranar ya kama bakinsa.

A gindin Haƙori na jefa anga. Suka sa kayansu, suka zama wasu baƙaƙen halittu masu ƙafar kwaɗo. Dafina ta kama hannunsa, suka faɗa da baya. Na leƙa ina kallonsu suna bin igiya, suna raguwa, baƙi ya koma kore, kore ya narke. Sai kumfa kawai ke tasowa, tana fashewa a hankali kusa da jikin kwale-kwalen. Na zauna ina sauraronta. Na tuna Yaya yana saurayi, tsaye a goshin jirgin nan da garwashin walda yana zuba a kan takalmansa, Dafina a bakin gaɓa tana ce masa harafin ya karkace. Tsoro ya kama ni, na kuma ji wani irin daɗi da ban san dalilinsa ba.

Da suka fito, ita ce ta fara tofar da bututun numfashi.

"Ta bayan dutsen muka sauka, Ginka. Yashi da katantanwa kawai. Sai can da muka zagayo na hango wani abu dogo a kwance, wallahi shi ne, sai wannan tsohon ya ja hannuna wai mu hau."

"Ruwan ya gurɓace," in ji Stamat.

Na dubi ruwan. Ina ganin igiyar angata tana sauka har inda ido ya gaji.

Dafina ta ce, "Yanzu na san wurin. Mu huta, mu koma, kai tsaye zan kai ka."

Ta zaro katin da ɗoki, ruwa yana ɗiga daga hancinta. Ta duba agogo, ta duba ma'aunin zurfi, ta ja yatsa a kan layi.

"N," ta ce.

Yaya ya juyo wajenta. "N kika ce?"

"Kurma ka zama kuma? N."

"To," in ji shi. "N dogon jira gare shi. Sai mu zauna, ya fi awa."

Na kalli arewa. Sama tana nan fes, sai wani siririn layi mai duhu can ƙarshen ruwa. Na ce a raina ko ma yi sa'a.

Muka zauna. Na buɗe ƙunshin banitsa, wainar cukun da Dafina ta gasa da asuba, da ɓaure cikin kwano. Yaya ya ce mata ta koma ɓangaren rana ta sha ɗumi. Ta koma. Ya ce ta cire hular robar nan, ta sa ta zama kamar kifin tarwaɗa. Ta harare shi, ta cire. Furfurarta ta zubo a jiƙe, ta shiga tsefe ta da yatsu. Shi kuma ya jingina da tukunyar iska, ya sa ta a gaba.

"Me kake kallo, tsoho? Yau ka fara ganina?"

"Akwai cuku a haɓarki."

Ta goge. Bai daina kallo ba.

"Wannan tabon na girarki, na ƙofar gidan babanki ne ko?"

"Na tagar da na fita ta ciki don in same ka ne, marar kunya. Ka manta?"

"Ban manta ba. So nake in ji kin faɗa."

Kwale-kwalen yana lilo a hankali. Hasken ruwa yana hawa fuskarta yana sauka, yana bin layukan da shekaru suka zana a gefen idonta. Gishiri ya bushe a kumatunta ya yi fari. Wani tsuntsun teku ya sauka a kan Haƙori ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ta fara ba shi labarin abin da ta hango a ƙasa, tana ƙara gishiri kamar yadda ta saba, wai ƙananan kifaye suna shiga ta tagar ɗakin tuƙi suna fita kamar masu gidan. Yana cewa "uhm", yana murmushi, idonsa bai bar fuskarta ba. Ni dai gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ina jin muryoyinsu sama-sama, kamar daga wani ɗaki, har na ga kamar mu ukun muna zaune ne a cikin tsohon jirgin, ruwa kore yana wucewa ta samanmu.

Sanyi a wuyana ne ya tashe ni. Na duba arewa, sai ga fararen zomaye, haka muke kiran kumfar da iska ke tayarwa a kan igiyar ruwa, suna tsalle suna nufo mu. Kwale-kwalen ya fara fizgar anga.

Na ce, "Ba mai sake shiga ruwan nan yau. Ko za ku yanka ni."

"Saura kaɗan lokacin ya cika," in ji Dafina. "Ko ba haka ba, tsoho? Bari in duba, ko da ɗan…"

Ta ɗauko katin, ta ja yatsa, ta tsaya. Na ga leɓenta yana motsi ba sauti. Ta sake ja daga farko.

Ta ce, "H ne," da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba. "Stamat, H ne. Tsanin nan ne. Na karanta shi irin namu." Ta ɗago. "Da tun ɗazu mun shiga. Da yanzu mun fito, ka gan shi. Wata nawa ina gyara bakina, sai yau…"

Ta kifa fuska a kan katin ta fashe da kuka. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa ganin ta yi irinsa ba, kuma zuciyata ta karye mata.

Yaya ya lalubo gwiwarta ya dafa.

"Na sani, Fina. Tun da kika faɗa na sani. Ɗan zaman da muka yi a ƙasa bai isa ya kai mu N ba, ni ma fa ɗalibin Yasen ne."

Ta ɗago tana kallonsa.

"Ruwan bai gurɓace ba," ya ce. "Can ƙasa dare ya riga ya yi mini. Tun rabin igiya. Hannunki da ke riƙe da ni ma ban gan shi ba. Ko kin kai ni har goshin jirgin, sai dai in shafa."

"To me ya sa ka yi shiru? Ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo?"

"Kin ba ni ƙarin rabin awa a cikin rana, kina zaune wuri ɗaya, abin da ba ki taɓa yi ba tun da na aure ki. Mahaukaci ne zai mayar."

Ta kai masa duka a kafaɗa da katin, sannan ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ƙi saki.

Na tashi na ja anga ina kuka, ban kuma ɓoye ba. Na tayar da inji, na juya mu gida, zomayen suna bin mu a baya. Yaya ya zauna ya ba Haƙori baya, ko waiwaye bai yi ba. Da wani gajimare ya taho zai tare rana, sai ya ce, "Ginka, ɗan karkata hagu, hasken yana barin fuskarta."

Na karkata hagu, ko da yake ba hanyar gida ba ce.