Tukunyar da Baba Ya Bar wa Tela

Tarin bai bar Baba ya ƙarasa maganar ba. Tela ya tallafe shi har abin ya lafa, sannan tsohon ya nuna bayan ɗakin da haɓa.

"Ta bakin taga taka ce. Kada rana ta taɓa ta."

Ɗaya daga cikin tukwanensa yake nufi. Shekarun baya malamin gona ya ba Baba ƙasa cikin tafin hannu, mai wata irin fumfuna da ke kama saiwar masara ta miƙa zare fari siriri, ta jawo danshi daga inda saiwa ba ta kaiwa. Baba ya yi ta renonta a tukwane, yana shuka masara a ciki don ta samu abin kamawa. Unguwa ta sa masa suna Mai Tukwane, kuma Tela, da katanga ɗaya ta raba su, ya fi kowa tsokana. Cewa yake mutane na kiwon awaki, Baba na kiwon ruɓa.

Bana bakin Tela ya mutu. Ruwa ya ɗauke bayan shuka, masarar Tela ta naɗe ganye ta ƙone, ta Baba kuwa tana tsaye, ta sha wuya amma da ranta. Irin da ya rage wa Tela bai cika kwano ba. Idan ruwa ya dawo zai sake shuka, kuma ba shi da na uku.

'Yar Baba ta shigo da tsintsiya. Tun da ta zo jinya take faɗa da ɗakin: ta shanya katifa, ta goge bango, ta ce warin danshin nan ne ya cinye wa mahaifinta ƙirji. Tela ya buɗe baki zai yi mata bayanin tukwanen, sai ya ga idonta ya kumbura don kuka. Kunya ta kama shi. Ina mutum zai fara zancen ƙasa, uban yarinya na kwance haka? Ɗaukar tukunyar ma ya ga kamar rabon gado ne da mai rai. Ya ce a ransa gobe.

Washegari da hantsi yana kan keke yana ɗinki ya ji kuka ta katanga. Ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya daɗe zaune, yana jin zafin rashin mutumin da ya saba yi wa dariya.

Kwanakin da suka biyo baya gidan cike yake da masu gaisuwa, kuma Tela bai ga fuskar ratsa su ya zagaya inda tukwanen suke ba. Sama ta yi wayam, ko gajimare babu.

Da mutane suka watse, 'yar Baba ta yi sallama a ƙofar shagonsa, rungume da tukunya.

"Kawu, ga saƙon Baba. Har numfashinsa na ƙarshe yana cewa ta bakin taga a ba ka." Ta share ido da bakin mayafi. "Tukwanen duk sun yi fumfuna, sai da na juye ƙasar a wutar shara. Taka na wanke ta da sabulu sosai."

Tela ya karɓa da hannu biyu. Ya yi mata godiya, ya yi wa Baba addu'a.

Bayan ta tafi ya ajiye tukunyar a ƙarƙashin teburin yanka, kusa da kwanon irin. Can rana ta shigo ta ƙofa ta kai gare ta, sai ya tashi ya matsar da ita inuwa.