Zoben da Ba a Goge Ba

Wata huɗu Auta ta yi tana zana zoben nan a takarda kafin ta yarda mahaifinta ya taɓa ƙarfe. Ba zoben yatsa ba ne. Guntun bututu ne na jan ƙarfe, faɗinsa bai fi bakin kofin shayi ba, an tsaga shi ta gefe guda daga sama har ƙasa, siririyar tsaga wadda da ƙyar takarda biyu za su shige ta. A cibiyar binciken da suke aiki, ita injiniya a bene na biyu, shi maƙeri a ɗakin ƙasa, har masu gadi sun san a kan wannan guntun bututun ake ta faɗi-tashi tun farkon shekara.

Cibiyar tana da wata na'ura mai ƙaton maganaɗisu, nauyinsa ya kai na ƙaramar mota. Akan sa wa ɓera mai ƙari a cinya maganin barci, a yi masa allurar wani ruwa, a zura cinyar cikin zoben, a tura zoben tsakanin fuskokin maganaɗisun biyu, sannan a aika masa da igiyar rediyo. Ƙwayoyin lantarkin da ke cikin ruwan allurar su ke amsawa, kuma daga amsar tasu na'urar ke zana hoton inda iskar oksijin ta kai a cikin ƙarin da inda ba ta kai ba. Likitoci suna son hoton nan ƙwarai, don inda iskar ba ta kai ba nan ne magani ke gazawa. Zoben shi ne kunnen na'urar, kuma kamar rediyo, sai yana kan tasharsa daidai yake ji. Wanda aka sayo daga waje tasha ɗaya aka ƙera shi a kai, da an saka masa ɓera sai jikin ɓeran ya janye shi gefe, hoto ya dagule. Na Auta yana da noti na roba mai tura wani ɗan faranti kusa da tsagar. A murɗa kaɗan, tasha ta dawo.

Farfesa, shugaban cibiyar, ba mugu ba ne, gajen haƙuri kawai gare shi. Ya daɗe yana hangen ɗakin maƙerar don ya zuba kwamfutoci, ga shi Baba, mahaifin Auta, ya haura shekarun ritaya da uku, shekara-shekara ake sabunta masa takarda. A taron safiyar Litinin ya faɗi maganar ba kwana-kwana: likitoci za su zo ranar Alhamis, in zoben gida ya yi aiki maƙera ta zauna, in bai yi ba za a riƙa sayo komai daga waje, Baba ya je gida ya huta.

Auta ko gezau ba ta yi ba. Sau uku ta yi lissafinta, sau uku yana ba ta amsa ɗaya, kuma ita mace ce da in lissafi ya tsaya mata ba ta sauraron fargabar kowa. Hannun mahaifinta kuwa ta san shi tun kafin ta san haruffa.

Da hantsi Baba ya hau benen da zoben a naɗe cikin tsumma mai laushi. Ya warware shi a hankali a kan teburinta. Zoben yana ƙyalli har mutum na iya ƙirga haƙoransa a ciki. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ba abin da ya taɓa barin bencinsa ba a goge ba, ko da ƙusar rataya riga ce.

"Ga saƙonki, Injiniya," ya ce. A wurin aiki haka yake kiranta, da ɗan murmushin tsokana. Sai sun shiga mota take komawa Auta.

Ta ɗaura zoben, ta jona wayoyi, ta murɗa notin. Tashar ta matsa hagu, ta mayar, ta matsa dama, ba gardama ko kaɗan. Farfesa da ke tsaye a bayanta ya gyaɗa kai. Saura abu ɗaya da doka ce a ɗakin: kafin a saka ɓera sai an saurari zoben babu komai a cikinsa. Zoben kirki in ba kowa a ciki shiru yake yi, a ga layi miƙaƙƙe a allon kwamfuta.

Layin ya taho miƙe, da ya zo tsakiya sai ya yi tozo, ya sauka.

"Wa ke ciki?" in ji Farfesa.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To wa ke magana?"

Auta ta sake duba allon. Tozon nan ya isa ya binne amsar ɓera baki ɗaya. Farfesa ya ce wataƙila zanen ne da sauran gyara, kuma ba abin kunya ba ne, manyan kamfanoni ma sukan shekara a kan irin wannan. Ya duba agogonsa ya fita. Baba bai san me tozon ke nufi ba, amma ya san fuskar 'yarsa. Ya ninke tsummansa ya sauka.

Ranar Talata Auta ta wuni tana tuhumar kayanta ɗaya bayan ɗaya. Ta cire notin roba, tozo na nan. Ta sauya farantin, yana nan. Ta sauya wayoyi, ta goge fuskokin maganaɗisu, yana nan daram. Ta mayar da tsohon zoben waje, layi ya miƙe. Sai ta aika aka kawo mata guntun da ya rage daga sandar jan ƙarfen da aka yanko zoben, ta saka shi cikin tsohon zoben, shi ma shiru. Nan ta jingina da kujera. Zanenta lafiya lau, ƙarfen lafiya lau. Ke nan tsakanin sandar da zoben wani abu ya shiga, kuma hannu ɗaya ne kawai a tsakanin.

Safiyar Laraba ta sauka maƙerar. Ɗakin yana nan yadda ta san shi tun tana 'yar makaranta da take biyowa ta jira a tashi aiki: injin juya ƙarfe a ƙarƙashin taga, zartuna a jere a bango daga babba zuwa ƙarami, gwangwanin madara cike da ƙananan notuna. Baba yana gaban injin guga, yana ƙoƙarin haskaka mariƙin wata ƙofa da ba wanda ya roƙe shi. Ya ɗauko jar sandar nan tasa mai kama da sabulu, ya goga ta a bakin faifan tsumma mai juyawa, sannan ya kara mariƙin. Ƙamshin ya tashi, ƙamshin da ke jikin rigunansa tun tana goye. Ta dubi jan da ya zauna a gefen faratansa, sannan ta dubi sandar.

Ta gutsuri ɗan mitsitsi daga jar sandar gugar da farcenta, ta hau sama, ta jefa shi a bututun gilashi ta saka a tsohon zoben. Tozon da ya fito sai da ya fice ta saman allo.

Da farko daɗi ta ji, ba za ta ɓoye ba, don zanenta ya fita daga zargi. Bayan nan sai baƙin ciki ya rufe ta. Abin da mahaifinta ya fi alfahari da shi a duniya shi ne ya ɓata aikin, kuma in Farfesa ya ji, ya sami hujjar da yake nema cewa zamanin tsohon ya wuce. Ta yi tunanin ta ɗora wa robar notin laifi. Tunanin bai yi minti guda a kanta ba, don ba ta iya yi wa na'ura ƙarya ba, balle Baba. Ta sake sauka.

"Baba, zo in nuna maka wani abu a sama."

Ta zaunar da shi a kujerarta. Ta nuna masa layin gutsuren jar sandar, sannan ta nuna masa layin zobensa. Baba bai taɓa karanta irin waɗannan layukan ba, amma ya daɗe yana gwada abu da abu.

"Wannan ƙaramin ɗan wancan ne," ya ce.

"Ɗansa ne."

"Me ke cikin sandar?"

"Tsatsar baƙin ƙarfe ce, Baba. An niƙa ta lukui an cuɗa da kaki. In ka goga sai ta shige jikin jan ƙarfen, ido ba ya gani. Na'urar nan kuwa ba abin da take ji da ƙarfi kamar baƙin ƙarfe."

Ya juya hannunsa ya dubi faratansa.

"Ba laifinka ba ne," ta ce. "Ni ce ban rubuta a zanen kada a goge ba. Ko a raina bai zo ba. A gidanka na tashi, na ɗauka haka ake haihuwar ƙarfe da ƙyallinsa."

"Bar lallashi, Auta." Karo na farko ke nan da ya kira ta haka a cikin ginin. "In tsatsar gugana take ji, to bakin wuƙar injina fa? Shi ma baƙin ƙarfe ne, kuma duk abin da ya yanka sai ya bar ɗan kansa a jiki. Kin lissafa wannan?"

Ba ta lissafa ba. Ta ji kunya, ta kuma ji daɗi a lokaci guda.

"To ji nan," ya ce yana miƙewa. "Zan yanko sabo. In na gama, zan kankare fatar sama da fasasshen gilashi, ciki da waje har cikin tsagar. Gilashi dai ba ya tsatsa. Ke kuma ki wanke da ruwan asid ɗinku. Daga nan ba mai taɓa shi da hannu, har ni."

Kafin a tashi aiki ya gama. Da Auta ta tsamo zoben daga wanki ta sa shi a kwalba ta rufe, sai ga abu dususu, launinsa kamar gindin tsohuwar tukunya, duk jikinsa sawun gilashi. Awonsa kuwa bai kauce ko da faɗin gashi ba. Baba ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai.

Safiyar Alhamis ya bar rabin shayinsa a kofi. Inna, matarsa, ta tambayi abin da ke damunsa, ya ce jiya ya yi aikin da ya fi kowanne muni a rayuwarsa, kuma yau manyan baƙi za su gani.

"Ai sun ga fuskarka shekara arba'in ba su kore ka ba," in ji Inna tana kwashe kofuna. "Tashi kada ku makara."

Likitoci uku suka zo. Auta ta sa safar hannu ta fito da zoben daga kwalba. Babbar cikinsu, wata mai farin tabarau, ta leƙa ta ce, "Wannan ba a ƙarasa shi ba ne?"

Auta ta ga hannun Baba ya tafi aljihu. Shi ma ya gani. Ya zaro tsumman, mai jirwayen ja a kowane lungu, ya fita da shi bakin ƙofa ya miƙa wa mai kula da ɓeraye. "Riƙe min wannan a waje. Hannuna ba shi da amana."

Aka saurari zoben ba komai a ciki. Layin ya taso daga hagu, ya wuce tsakiya, ya isa dama bai ko yi tari ba. Baba ya matso kusa da kunnen 'yarsa.

"Ba abin da ya fito," ya ce a hankali.

"Shi ake nema, Baba."

Aka kawo ɓeran yana barci, aka zura cinyarsa. Nan take tashar ta zame gefe, yadda ta saba yi wa zoben waje. Farfesa ya gyara tsayuwa. Auta ba ta miƙa hannu ba, ta dubi mahaifinta.

"Kai ka yanka zaren notin, ka fi ni sanin nauyinsa. Dama, a hankali, sai na ce tsaya."

Ya sa safar hannu, ya murɗa abin da bai kai rubu'in zagaye ba. Ta ce tsaya. Bayan 'yan mintuna hoton ya fara fitowa: gefen ƙarin da haske, tsakiyarsa duhu inda iska ba ta kai ba, iyakar tsakaninsu a fili kamar an ja da biro. Mai farin tabarau ta jawo kujera ta zauna ba wanda ya ce mata bismilla, sauran biyun suka sunkuya a kafaɗarta suna gardama a kan wani ɗigo.

Farfesa ya juyo. "Me ya sami na ranar Litinin?"

Auta ta buɗe baki, Baba ya riga ta.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na goge shi. Wannan kuma ni ne ban goge ba."

Farfesa ya dube shi, ya dubi hoton, ya shafa gemunsa. Shi dai mutum ne da ba ya cewa na yi kuskure, amma yana da hanyarsa. "Za mu buƙaci ƙarami don kan ɓera, da babba don zomo. Guda nawa maƙerarka za ta iya fitarwa kafin ƙarshen wata?"

"Munana irin wannan?" in ji Baba. "Ko goma."

A bakin ƙofa ya karɓi tsummansa. Auta ta tsaya tana kallonsa, ƙirjinta cike da alfahari. Ya yi taku biyu zai sauka, sai ya dawo, ya dubi mariƙin ƙofar ɗakin da hannaye suka dusashe.

"Wannan fa, na'urarki tana jinsa?"

"Ba ta jinsa, Baba. Ya yi nisa."

Ya naɗe tsumman a yatsu biyu ya hau gogewa.