Ƙusoshi a Gwangwanin Madara

Iskar da ta zo da ruwan farko na bana ba ta yi minti ashirin a Dabai ba, amma da ta lafa sai aka tarar ta yaye rufin gidaje goma sha ɗaya. Ɗakin Rachel na cikinsu. Kwanonta a gonar maƙwabta aka tsinto shi duk ya lanƙwashe, rumbunta kuma ya tsage gida biyu.

Rachel matar marigayi yayan Saje Dawuda ce. Shi kuwa Saje tsohon soja ne, shekara ashirin da shida yana sa kaki kafin ya dawo gida ya kama fartanya. Bara aka sa shi a kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, wakilin mazaɓarsu. Aka kai su Birnin Kebbi bita ta kwana biyu, aka ba kowa riga mai ruwan lemo da jaka cike da fom. Tun daga nan, duk wanda ya zauna da shi a gindin mangwaro sai ya sha bayani.

"Kamar bariki ne," yakan ce, yana jan layi uku a ƙasa da tsinke. "Doka ta kafa hukuma a tarayya, ita ce janar. Jiha na da tata, ita ce kanar. Ƙaramar hukuma na da kwamiti, mu ke nan masu igiya. In masifa ta sauka, ni zan rubuta, takarda ta hau sakatariya, daga can ta hau jiha. In ta fi ƙarfin jiha, ta wuce Abuja. Ba a tsallake mataki."

Akwai dai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Rana ta biyu ta bitar, lokacin da aka zo koyar da cika fom, ba ya cikin zauren. Bayan abincin rana ya sulale ya je wurin mai hoto a ɗauke shi da sabuwar rigar, daga can ya biya gidan wani tsohon abokin aikinsa, hira ta yi daɗi har yamma. Hoton na nan rataye a falonsa. Fom ɗin kuwa, shafin farko kaɗai ya taɓa karantawa.

Washegarin iskar aka kira gayya. A nan ba a barin matar da mijinta ya rasu ta kwana biyu sama a buɗe, don haka da ɗakinta aka fara, sauran gidajen masu su suka raɓa wurin dangi. Saje ne kan gaba, da rigarsa da usur a wuya. Aka bubbuge kwanon ya miƙe, aka liƙe hujojin da kwalta. Cletus, mai shagon kayan gini a cikin garin Zuru, aminin marigayi, ya kawo ƙusa kyauta, ya hau sama da kansa ya buga. Kafin rana ta faɗi ɗaki ya rufu, aka shigar da buhu huɗu na dawar da aka tsamo daga rumbu.

"Wannan rufi zai riƙe yayyafi," in ji Cletus yana saukowa. "Amma ruwan Agusta, Mama? Sai sabon kwano."

"Mijina ne gwamnati yanzu," Rachel ta ce, tana miƙa wa Saje kofin kunu. Haka take kiransa tun tana amarya, wasan matar wa da ƙanen miji. "Ko ba haka ba, mai riga? Sabon kwano na hannunka."

"Ki ɗauka ya zo," in ji shi.

Ranar Talata ya kai rahotonsa sakatariya, aka ce masa jami'ai za su zo daga jiha ranar Alhamis su duba ɓarna. Yana zaune a benci sai ya ji wani wakili yana gaya wa na kusa da shi cewa mutanen nan abin da idonsu ya gani kawai suke rubutawa. Saje ya ciro waya ya duba hotunan ranar gayya. Guda tara ne, kuma duk shi ne a ciki, tsaye gaban ɗakin da aka riga aka gama rufewa.

Gida goma za a gan su a yaye. Na Rachel kaɗai za a tarar da rufi.

Da ya kai mata maganar a cire rufin kafin su zo, ta ajiye muciyar da ke hannunta ta dube shi.

"A cire? Rufin da mutum ashirin suka wuni a kai?"

"Na wuni ɗaya ne kawai. Su gani, su rubuta, in mayar."

"Ka gaya musu gaskiya mana. Garin nan kaf ya ga kwanona a gonar mutane."

"Gwamnati ba ta aiki da an ce. Ni na je bita ko ke?"

Ba ta je bita ba.

Cletus kuwa ƙememe ya ƙi. "Oga Saje, ni na buga, ni kuma in cire? Shekara talatin ina sayar da kwano a Zuru, ban taɓa ganin wanda ya taya iska aiki ba. Ba hannuna."

Don haka ranar Alhamis da hantsi Saje ya jingina tsani ya hau shi kaɗai. Aikin soja ya yi, a tsanake. Kowace ƙusa ya zare sai ya miƙar da ita da hama ya jefa a gwangwanin madara, tunda anjima za a sake buƙatarta. Kowane falle ya sauke sai ya jera shi kan ɗan'uwansa a bayan ɗaki, baki da baki, ya ɗora dutse.

"Bari in fitar da buhunan nan," Rachel ta ce daga ƙasa.

"Bar su. Su ga abin da ke cikin haɗari. Dubi sama, garau take."

An ce ƙarfe goma za su iso. Goma ta yi, sha biyu ta wuce. Ashe da wasu ƙauyuka suka fara, inda ɓarnar ta fi yawa. Saje na zaune bakin hanya da rigarsa da jakarsa, ya ƙura wa kwanar hanyar ido, har bai lura da abin da ke haɗuwa a gabas ba sai da iska mai sanyi ta kaɗa masa wuya. Ya miƙe da gudu, gudun da rabonsa da shi tun yana kurtu. Kafin ya kai gidan, ruwa ya ɓalle.

Ya tarar da Rachel a cikin ɗakin tana jan buhu ɗaya ita kaɗai, ruwa na zuba a kanta kamar a tsakar gida. Suka ja tare, buhun ya ƙi motsi, ya riga ya sha ruwa. Ya jawo tabarma ya rufa, ya tuɓe rigar lemon ya shimfiɗa a kan wani. Rabin awa aka yi ana tafkawa. Bai iya duban fuskarta ba.

Ruwan na ɗaukewa sai ga farar mota.

Jami'in matashi ne, sunansa Abdulrashid, mai magana a hankali. Ya gaida mai unguwa, ya gaida Saje da "Baba", suka zaga gidaje goman nan yana ɗaukar hoto yana rubutu, jama'a na biye. Da suka shiga gidan Rachel ya ɗaga kai ya daɗe yana duban katakon rufin. Ba wanda ya karye. Ramukan ƙusa duk a tsaye suke, fes. Ya zaga bayan ɗaki ya ga kwano a jere da dutse a kai. Yana juyowa ƙafarsa ta taɓa gwangwanin madara. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ciro ƙusa ɗaya ya juya ta a hannu.

"Baba," in ji shi, "iskar garinku na da ladabi. Har ƙusa ta miƙe muku ta tara wuri guda."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai kuma ya haɗiye ta. Ruwa na ɗiga daga gemun Saje, singiletinsa ta manne masa a jiki.

Cletus ne ya yi magana. Ya biyo motar a kan babur tun daga gari. "Ranka ya daɗe, iska ta cire shi da gaske, ran Asabar. Mu muka mayar ran Lahadi bayan coci. Na yau ne ba iska ba."

Abdulrashid ya dubi Saje. "Kai ne wakilin kwamiti a nan ko? Ina fom ɗinka?"

Saje ya miƙa jakar. Matashin ya zaro fom, ya buɗe shafi na biyu, ya ɗora yatsa a tsakiya. Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji. Akwai gurbi a nan, in ji shi, na gidan da jama'a suka gyara kafin a zo dubawa. Shaida biyu ake so, da sa hannun mai unguwa. Shi ke nan.

"Ai an nuna muku wanga wurin bita, Baba. Rana ta biyu."

Saje ya ji idon Rachel a gefen fuskarsa. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"To yanzu yaya ke nan, ɗana?" mai unguwa ya tambaya.

"Ba zan rubuta cewa haka iska ta bar shi ba, don ba haka ba ne. In aka gano ƙarya a gida ɗaya, sauran goman ma sai a yi shakkarsu. In kuma na tsallake ɗakin, sunan Mama ya fita. Hanya ɗaya ta rage. A rubuta duka biyun. Shaidu su faɗi abin da iska ta yi. Wanda ya cire rufin yau kuma ya rubuta da hannunsa cewa shi ya cire, da dalilinsa, ya sa hannu. Sai in haɗa da rahotona."

"Takardar," Saje ya ce, "har ina za ta kai?"

"Kai ka fi ni sani, Baba. Sakatariya, sannan jiha."

Lallai ya sani. Shi ya sha zana wa mutane matakan a ƙasa. Ya hango shugaban kwamiti na karanta ta, ya hango ta a kan tebur a Birnin Kebbi, gaban waɗanda suka ba shi riga. Ya dubi cikin ɗakin, inda rigar ke kwance sharkaf a kan buhu. Sannan ya karɓi biro.

A kan murfin motar ya rubuta, da manyan baƙaƙe irin na rahoton bariki. Ni Dawuda, wakilin mazaɓa, ni na cire rufin nan yau Alhamis don jami'ai su gani. Mai ɗakin ta hana ni. Ban karanta shafi na biyu ba. Ya tsaya, sannan ya ƙara: Ban halarci darasin ba. Ya sa hannu.

Cletus da wani maƙwabci suka sa nasu a gurbin shaidu, mai unguwa ya dangwala. Abdulrashid ya rubuta sunan Rachel a lamba ta goma sha ɗaya, ya juya takardar ya nuna mata.

"Dawar fa?" wata mata ta tambaya.

"Ita kam ba iska ta jiƙa ta ba," in ji shi, ya rufe fayil.

Mota ta tafi, jama'a suka watse a hankali, ba wanda ya yi wa Saje sallama sosai, wataƙila don su sauƙaƙa masa. Gabas ta sake yin duhu. Ya ɗauko tsani ya jingina, ya hau. Cletus ya tsaya yana kallonsa, ya yi tsaki, ya naɗe hannun rigarsa ya fara miƙo masa kwano falle-falle.

Rachel ta ɗauki gwangwanin, ta tsiyaye ruwan da ya taru a ciki, ta zo gindin tsanin ta ɗaga hannu.

"Dawuda."

Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa kiran sunansa haka tsirara ba.

"Gobe da safe ka zo da tabarmin gidanka duka, mu shanya. Abin da ya ƙi bushewa, ka san inda rumbunka yake."

"To, Yaya," in ji shi.

Ya karɓi gwangwanin ba tare da ya dubi ƙasa ba, ya zaɓi ƙusa ɗaya, ya nemo ramin da ya cire ta da safe.