A Ba wa Yaya

Tun kafin a fara kakar wasa gwiwarta ta yi mata hannunka mai sanda, ita ce dai ta yi kunnen uwar shegu. Likita ya lallatsa wajen, ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Baiwar Allah, gwiwar nan ta yi miki aiki. Ki sallame ta ta huta." Ta ce masa bana ce ta ƙarshe.

A ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan unguwa kowa Yaya yake ce mata, har da Koci, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Ita ce kyaftin, ita ke ajiye ƙwallaye a ƙarƙashin gadonta, ita ke bin 'yan wasa a waya tana lallashi kamar ita za a yi wa alfarma. Rukunin da suke bugawa shi ne na can ƙasa a gasar yankin, bayansa babu komai sai gida. Duk ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe fitar da ita ake yi. Shugaban makarantar da ke ara musu zauren wasa kuwa ya sha faɗa cewa ranar da suka fita daga gasa, maza zai ba wa zauren. Abin da Yaya ke so bai taka kara ya karya ba: ta ajiye wasa, ta bar ƙungiyar tsaye da ƙafafunta.

Aikinta a ɗakin wanki na wani otal yake, can ƙasa inda babu taga. Injina na gurnani, tururi na tashi, zannuwan gado na fitowa da zafinsu, ita da abokiyar aikinta su kama gefe da gefe su ninke. Wuni guda a tsaye. In ta tashi sai ta hau bas ta sauka a bakin makaranta, ta sake wata tsayuwar, wannan karon har da gudu. Zauren na warin roba da tsohon gumi. Layukan ƙasa sun goge, sai an ƙura ido. Ɗaya kwandon ya ɗan karkace, amma sun san halinsa kamar yadda ake sanin halin tsohon maƙwabci: in daga hagu za ki jefa, sai kin ƙara masa kaɗan.

Kakar ta tafi yadda ta saba tafiya. Su ci wasa ɗaya, a lallasa su a biyu. Asabar ta ƙare a cikin bas, gwiwoyi a takure, Koci na gyangyaɗi da allonsa a cinya. Su isa wani zauren da 'yan kallonsa ba su wuce 'ya'yan 'yan wasa da mai gadi ba, alƙalin wasa ya zo a makare, ya kuma fi kowa fushi. Wata 'yar wasansu da suke kira Nas takan zo kai tsaye daga asibiti, ta sa takalmi ɗaya, barci ya sace ta kafin ta sa na biyu. A tsakiyar kaka Doguwa ta sanar tana da juna biyu. Aka yi mata barka da baki har kunne, a zuci kuwa kowa na tambayar wa zai tsaya musu a ƙarƙashin kwando.

Suna da wata ɗabi'a da ba wanda ya kafa ta da baki. In wasa ya yi zafi, lokaci ya zo gangara, ƙwallo sai Yaya. Daga benci ma abin da ake cewa ke nan: a ba wa Yaya. Ta yi shekaru tana ciyo musu wasa a haka, kuma a faɗi gaskiya, abin na yi mata daɗi. Nas ta taɓa ƙarfin halin jefawa da kanta ta ɓarar, Yaya ta yi mata wani kallo da har yau ba ta sake gwadawa ba. To, sabo turken wawa. Yanzu kaf yankin an gane, da lokaci ya matse sai a jibge mata mutum biyu.

Bana sai ga Auta, wata siririya mai aiki a kantin magani. A atisaye hannunta kamar an auna, ta jefa goma da wuya ɗaya ta kauce. Yaya ta ga magajiya, ta ji wani sanyi a ranta. Takan tsare ta bayan kowa ya watse.

"Auta, in kin ga kwando ki jefa. Kada ki tsaya nemana."

"To, Yaya."

"Kullum to, kullum to."

"To me zan ce, Yaya?"

A gida maigidanta, wanda makanike ne, yakan kawo mata ƙanƙara a leda ba sai ta tambaya ba. Ya zauna a bakin gado, hannunsa na ƙamshin sabulu da ragowar baƙin mai.

"Ke da ƙwallon nan, ban san wa zai fara sakin wani ba."

"Bana ce ta ƙarshe."

"Bara ma haka na ji. Miƙo ƙafar."

Wasan ƙarshe ya haɗa su da ɗayar ƙungiyar da ke ƙasan teburin gasa, a zauren makarantar da suke atisaye, da la'asar. Wadda ta faɗi ta fita. Aka yi ta ja-in-ja, wasa mara kyan gani, kowa na haki, har lokaci ya kusa cika ana gabansu da maki ɗaya. Koci ya nemi a tsaya. Ya ɗago allonsa, sai kuma ya dubi Yaya.

Ta ce, "Kaina za su taru. Auta, ki zame ki shiga ƙarƙashin kwando, zan ba ki. Ki jefa."

"To, Yaya."

Haka kuwa aka yi. Ƙwallo ta zo hannun Yaya, biyu suka rufar mata, ta sunkuya ta zura ta tsakaninsu. Auta ta cafe. Babu kowa kusa da ita, ga kwando a saman kanta, ko yaro aka ɗaga zai saka. Ta ɗaga hannu. Ba wanda ya ce mata komai daga benci, ba sai an ce ba. Ta waiga, ta nemo Yaya, ta mayar mata da ƙwallon.

Yaya ta karɓa, don hannu ya saba karɓa. Kafin gwiwar ta yarda ta miƙe, usur ya tashi.

Suka koma ajin da suke canja kaya. Bakin Yaya cike yake da faɗa. Auta ta zo ta durƙusa a gabanta, ido jawur.

"Wallahi na ga kwandon, Yaya. Hannuna ne ya ƙi. Ta yaya zan jefa ta ƙarshe kina cikin fili?"

Faɗan ya koma ciki. Wa za ta yi wa? Yarinyar ba ta zo da wannan daga gidansu ba, a nan ta tarar da shi. Kunya ta kama Yaya, sai kuma wata gajiya da ta fi ta ɗakin wanki nauyi. Ta shiga kwance bandejin gwiwarta a hankali.

Can Nas ta ce, "Akwai filin siminti a bayan tashar bas, kwando ɗaya ne dai. In za mu ci gaba da atisaye, Talata babu kowa."

Duk suka juyo suka dubi Yaya, har da Koci da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Me kuke kallona? Na ce muku na gama." Ta nuna Auta da haɓa. "Ke, faɗa musu. A je ko kada a je?"

Auta ta buɗe baki, ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta share hanci.

"Duk yadda kika ce, Yaya."

Yaya ta sunkuya. Sannan ta jawo bandejin da ta yar a gefe, ta kakkaɓe shi, ta fara naɗewa, don ta san ranar Talata za ta buƙace shi.