Hanyar Mata a Kan Murjani

Mu'awwad ne ya kawo masu bincike zuwa ƙauyensu na bakin teku da ke kudu da garin Ƙusair, kuma shi ke tuƙa musu ɗan jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Burinsa ɗaya ne: a ga yadda jiragen ruwan otal ke sakin ƙarfen tsayawa a kan duwatsun murjani suna farfasa su, a hana su, matan ƙauye su tsira da wurin da suke tsintar katantanwar da ake cire wa farcen turare.

Mahaifiyarsa Zahiya ba ta so ba.

"Wannan ƙudan naka mai ƙugi, me zai gani wanda idon mutum bai gani ba?"

"Gaskiya zai gani, Umma."

"To, Allah ya sa ya iya faɗinta."

Matan nan suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni. In ruwa ya janye, layi ɗaya suke bi, kowace ta sa ƙafa inda ta gabanta ta ɗaga, don kada a taka murjani mai rai. Yarinyar da ta kauce, ranar sai kunnenta ya yi zafi.

Da aka harhaɗa hotunan suka zama taswira, Mu'awwad ya tsura mata ido. Ɓarnar otal tana can cikin zurfi, inda hoton sama ba ya kaiwa, shuɗi kawai ake gani. Amma hanyar mata ga ta nan fara fat, daga gaɓa har bakin zurfi, kamar tsagar kitso. Da ko'ina suke tattakawa kamar awaki, da babu abin da zai fito.

Masu binciken suka ɗauka matan ne ke ɓarnar. Ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Shugaban binciken ya gyaɗa kai, ya ce ya yarda, sai dai shi abin da hoto ya nuna yake miƙawa. Kafin wata ya ƙare aka kafa allon hana matan shiga wurin. Jiragen otal kuwa ko ranar ba su fasa fita ba.

Ya tarar da Zahiya tana gasa gahawa a gaushi. Kunya da takaici suka hana shi zama.

"Umma, zan koma in sake yi musu magana."

Ba ta ɗago ba.

"Bar shi, ɗana. Ƙannenka mata kawai nake tausayi. Duk jan kunnen da na yi musu a kan layin nan, wa zan ce musu na yi wa?"