Askar da Alhaji Sodangi ya zo da ita

Shekara goma sha biyu bayan Nasara sun ci Sakkwato, Arzika wanzami yana zaune inda ya saba aski kusa da Ƙofar Marke, sai ga Alhaji Sodangi, wani dattijo da bai daɗe da dawowa daga Makka a ƙasa ba. Da suka gaisa, Alhaji ya kwance ƙyalle ya miƙa masa aska.

"Da wagga za ka yi mini. Wanda ya sayar mini a wata kasuwa bakin kogin Nilu ya ce aikin Masar ce, ta girmi kakana."

Arzika ya juya ta, sai ya ga ɗigo uku da zane guda a ƙarƙashinsu daf da ƙota. Irin shaidar da wansa Junaidu ke bugawa ke nan. Uwarsu ɗaya, amma uban Junaidu maƙeri ne, shi ma ƙira ya gada. Shekarar da aka ci gari ya bi masu hijira gabas, aka ce ya rasu a hanya. Uwarsu Iyatu ta ƙi yarda a yi masa sadaka.

Arzika ya daure ya gama askin, sannan ya gaya wa Alhaji abin da ya gani. Suka ɗunguma zuwa maƙerar Illo, tsohon da ya koya wa Junaidu sana'a.

Illo ya ajiye masaba, ya goge hannu, ya kai askar bakin ƙofa inda haske yake.

"Shaidar gidanmu ce," in ji shi. "Amma mu huɗu munka buga ta, har da ubana."

"To, Baba, ta wa ce cikinku?" Arzika ya tambaya.

"Dubi sawun magagari a bayanta. Daga hagu ya gangaro. Bahago ya yi ta, kuma bahago guda munka taɓa yi a gidan nan."

Arzika bai yi murna ba tukuna. Ya ce, "Wataƙila tun kafin ya tafi ya ƙera ta, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu."

Illo ya ɗalli askar da farce ya kara a kunne, ya goga gindinta a dutse ya duba launin.

"Wannan ba ƙarfen tama da muke narkawa ba ne. Ƙarfen hanyar jirgin ƙasa ne, irin wanda fatake sunka fara kawo mana daga Kano shekarun nan. Sa'ad da Junaidu ya bar garin nan babu maƙerin da ya taɓa sa shi a wuta. Kai ne wanzami, duba bakin ka gaya mini wasa nawa ta sha."

Arzika ya shafa bakin da babban yatsa. Faɗinta bai ragu ba sai kaɗan. "Ba ta wuce shekara uku ana wasa ta ba."

"To ƙotar fa, da ta yi baƙi haka?" in ji Alhaji.

"Hayaƙi anka ba ta don ta yi kama da tsohuwa," in ji Illo.

Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Ashe cuta ta anka yi! Alhamdu lillahi da anka cuce ni."

Illo ya riƙe hannun Arzika. "Ban ce yana da rai yau ba. Na ce shekara uku da sunka wuce hannunsa yana da ƙarfi."

Haka Arzika ya gaya wa Iyatu a gaban Alhaji, bai ƙara ba, bai rage ba. Ta daɗe tana riƙe da askar, sannan ta tambayi sunan garin da aka sayo ta. Alhaji ya faɗa mata, ya ce akwai ayarin maniyyata da zai bi ta can bayan kaka, kuma ya san madugunsu.

Washegari ta sa aka kira malami ya rubuta wa Junaidu wasiƙa. Ta yi ta faɗa yana rubutawa har takarda ta cika ciki da baya: waɗanda suka rasu, waɗanda aka haifa, rijiyar gida da ta rufta aka sake haƙawa. Da kaka ta wuce, Arzika ya ɗinke wasiƙar cikin fata, ya raka ayarin har bayan ganuwa, yana ta nanata wa madugu cewa maƙeri bahago zai nema.