Ortikar Gwaggo Tilde

"Ba ta nan ba, Ermete! Bayan tsohuwar rijiya ta ce, inda rana ba ta dukan ganyen!"

Ornella ce ke ƙwala wa mijinta kira, tana gangarowa daga tudu da kwando a hannu, ɗankwali ya zame ko ta kansa ba ta bi ba. Mace mai shekara hamsin da biyar, amma ran nan sai ka ce yarinyar da aka aika sayen alewa. Dalili kuwa, maƙwabciyarsu Gwaggo Tilde, wadda ta kwana biyar ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa, likita ma ya ce a sanar da dangi, ita ce da safen nan ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Kuma ba ta son komai sai taliya da festo, wato miyar da ake murzawa a turmi, na wani ganyen daji mai harbi da ake kira ortika, irin wanda take yi duk farkon bazara tun Ornella tana goye.

Ornella ta riga ta ƙudurta a ranta cewa in dai loma ɗaya ta wuce maƙogwaron tsohuwar nan, to ta tashi ke nan.

Ortika kuwa ba ta san gaggawa ba, kowa ya taɓa ta sai ta harbe shi. Ermete garin rawar jiki ya baro safar hannu a gida, ya kai cafka, sai ga ƙato yana tsalle yana yarfe hannu.

"Wayyo! Ta cinye ni!"

"Maganinka ke nan. Ƙwanƙolin kawai ake tsinka, ganye huɗu na sama. Shekara talatin kana ci, ba ka taɓa tambayar yadda ake yi ba!"

Kafin a ce haka sun dawo da kwando cike, suka faɗa kicin ɗin tsohuwar. Ornella ta zuba ganyen a tafasasshen ruwa don ya kashe harbin, ta tsame, ta matse. Ermete ya ce ko ya ɗauko injin markaɗensu don a yi sauri? Hararar da ya sha ta ishe shi amsa. Inji a gidan Tilde! Matar da ta shekara uku ba ta gaisa da ƙanwarta ba saboda inji. Aka sauko da turmin dutse da 'yar taɓaryarsa ta itace, Ornella ta jefa tafarnuwa da gyaɗar bishiya, ta shiga daka iya ƙarfinta.

Sai ga murya daga ɗakin kwana, siririya amma da kaifinta.

"Wace ce take kashe mini turmi?"

Ornella ta saki taɓarya ta ruga. "Gwaggo! Ke ce da wannan murya?"

"A'a, fatalwata ce. Tun daga nan nake jin ɓarnar da kike yi. Ku ɗauke ni."

"Ai likita ya ce kada ki motsa."

"Likita ya taɓa yin festo? Ermete, tsayuwar me kake yi kamar turke? Zo ka ɗauke ni."

Ya ɗauke ta, ba ta fi nauyin kwandon ba, ya zaunar da ita a kujera gaban tebur, suka tokare ta da matasai. Farin ciki ya cika Ornella, tana dariya tana share ido. Matar da jiya ba ta iya ɗaga kai, ga ta tana raba umarni.

"Ba dakawa ake yi ba, 'yar nan. Murzawa ake yi, a bi gefen turmin a hankali. In kin daka, ɗaci zai yi. Miƙo mini."

Yatsun suka ƙi kama taɓaryar. Sanyin ƙashi ya daɗe da murɗe su, ga jinya ta ƙara. Tilde ta dube su kamar 'ya'yan da suka ba ta kunya, sannan ta zura hannu cikin kwando, inda sauran ɗanyen ganye yake, ta damƙi cikin tafi ta murje shi a hannayenta biyu.

"Gwaggo!"

"Yi mini shiru. Haka uwata take yi in yatsunta sun yi barci." Ta ja iska ta haƙora, fatar ta yi jajir ta tashi ƙuraje. "Yawwa! Ashe da sauran rai a cikinsu."

Yatsun kuwa suka kama. Ornella ta riƙe mata turmin, taɓarya ta fara zagaye, ba ƙara sai ɗan kurzawa. Tilde ta ce a zuba ganye, aka zuba. A kawo cuku, aka goga. Man zaitun kuma ɗis-ɗis, Ermete na tsiyayawa tana zaginsa wai hannunsa nauyi gare shi. Abu ya haɗe ya yi kore shar, ƙamshi ya cika gidan har kan titi.

"Ermete, ɗora ruwan taliya," in ji Ornella. "Ka leƙa ka gaya wa mutane Gwaggo ta tashi! Ka ce yau a tebur za ta ci abinci!"

Ya ɗora ruwan, ya fita a guje, ƙofa ma bai rufe ba.

Tilde ta lakato da ɗan yatsa ta kai baki. Ornella ta tsaya cak, ko numfashi ba ta yi, tana kallon maƙogwaron tsohuwar har ta ga ya motsa. Ta haɗiye! Ornella ta tafa hannu, saura kaɗan ta yi guɗa.

"Yaya, Gwaggo?"

Tsohuwar ta lumshe ido tana tsotsar baki, ta daɗe.

"Ba laifi," ta ce. "Saura gishiri."

"Yanzun nan!"

Tulun gishirin yana can saman kanta, sai da Ornella ta taka ɗan benci. Ta ɗebo tana magana, wai gobe za su koma bayan rijiya tun da safe, wai wannan karon da kanta za ta murza, Gwaggo ta zauna ta yi ta faɗa son ranta. Ba a amsa ba.

Ta juyo. Kan Tilde ya jingina da matashi, ido a lumshe, hannu ɗaya kan bakin turmi, ƙirjinta ya daina motsi. Ornella ta kira ta sau biyu, na biyun a hankali. Ruwan taliya ya fara tafasa, murfin tukunya na ƙarar-ƙarar, can ƙasan titi kuma tana jiyo Ermete yana buga ƙofofi yana ba da albishir.

Ta matsa ta barbaɗa gishirin a turmin, ta ɗauki taɓaryar.